Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Nazarin Taurari da Jigo a Fim da Littafin Labari

Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin ɗaliban lise (sakandare) da na jami'a a nan Damagaram in an ba su aikin nazarin littafi ko fim, da kuma masu gardamar fina-finai a fada bayan sallar isha'i. An ɗauko misalan daga ayyukan da aka sani. Inda misalin na ƙirƙira ne, an faɗa.

Na karanta littafin, kuma zan iya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe. Me ya rage?

Kusan duk aikin. Mai ba da labari yana amsa tambayar "me ya faru?". Mai nazari yana amsa "don me ya faru haka, kuma wace dabara marubuci ya yi har muka tsani wannan muka tausaya wa wancan?". Yawancin takardun da malamai ke mayarwa cike da jan biro cutarsu ɗaya ce: shafi huɗu na maimaita labari, sannan layi uku a ƙarshe masu cewa littafin yana koyar da haƙuri. Kada taƙaita labarin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na aikinka. In an ce ka kawo shafi biyar, shafi ɗaya ya ishe shi, sauran huɗun na hujja ne.

In na rubuta cewa jigon fim ɗin soyayya ne, na yi daidai?

Ka faɗi abin da ake magana a kai, amma ba ka faɗi abin da aka ce game da shi ba. Soyayya, kishi, auren dole, maraici, cin amana, duk batutuwa ne, kuma fim ɗari na iya tarayya a kan guda. Jigo cikakkiyar jimla ce mai aikatau a ciki, wadda wani zai iya tashi ya ce bai yarda ba. Fim biyu kan kishi na iya cin karo da juna: ɗaya yana nuna cewa kishi kan cinye mai shi kafin ya taɓa kishiya, ɗayan yana nuna cewa rashin adalcin maigida ne ke hura wutar, matan kuwa ƙuna kawai suke sha. Wanda ya rubuta "jigo: kishi" a kan duka biyun bai ga bambancinsu ba.

A ɗauki Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya. Batunsa ramuwar gayya ce: Malam Shehu mai dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramawa. To amma a kan wa asirin ya sauka? A kan yaron da aka haifa a auren, wanda bai ji ba bai gani ba. Daga nan jimlar jigo ke fitowa: ramuwar da aka ƙulla don mutum ɗaya takan bi ta kan marar laifi kafin ta isa inda aka aike ta. Wannan magana ce da za a iya kafa mata hujja da shafi.

Babban jigo ɗaya ake nema, da ƙanana biyu ko uku. Wanda ya jero jigogi takwas, batutuwa ya tsinto.

Ta ina zan fara?

Da karatu biyu, ko kallo biyu. Na farko a yi shi ba biro a hannu, a bar labarin ya ja mutum, domin abin da ka ji a karon farko shi ne abin da za ka zo ka bincika daga baya. Da ka gama, rubuta layi biyu kawai: wa ya fi tsaya maka a rai, kuma wane wuri ne ya fi damunka.

Karo na biyu na kaye ne, wato littafin rubutu. Ware shafi guda ga kowane tauraro, wato mutumin cikin labari, amma kada su wuce huɗu ko biyar, in ba haka ba aikin zai watse. Raba shafin gida uku: abin da ya faɗa da bakinsa, abin da ya aikata, da abin da wasu suka faɗa a kansa. Kowane abu ka sa masa lambar shafi, in fim ne ka sa minti, misali 47:10. Fim mai awa biyu kan ci awa huɗu a irin wannan kallon saboda tsayarwa da komawa baya, don haka kada a bar shi sai daren da za a miƙa aiki, balle in wuta na wasa.

In shafukan sun cika, nemi inda gida na ɗaya ya saɓa wa gida na biyu. Mutumin da bakinsa ke cewa "ni dai Allah na sa a gaba" alhali hannunsa na ɓoye takardar gadon marayu, a wannan saɓanin halinsa yake. Daga nan ka ja layi ƙarƙashin duk wurin da tauraro ya sami hanya biyu ya zaɓi ɗaya. Abu na ƙarshe, ka lura da duk abin da ya dawo sau uku ko fiye: makulli, ƙofar da ake rufewa, wayar da ake kifewa in wani ya shigo, wata kalma da uwa ke yawan maimaitawa. Marubuci ba ya dawo da abu sau uku a banza, in kuwa ya yi a banza, wannan ma abin faɗa ne.

Yaya ake gane babban tauraro? Wanda sunansa ke kan littafi ne?

Sau da yawa shi ne, amma a gwada shi da tambaya uku. Wa ke son wani abu har ya tashi nemansa? Zaɓin wa ke juya labarin? Wa ya fi yin asara ko canzawa kafin a rufe?

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 aka kuma mai da shi fim a 1976, ya isa misali. Umar ne mai sunan littafin, shi ke ba ɗalibansa labarin da bakinsa. Amma a yawancin ƙuruciyarsa ɗaukarsa ake yi ana kai shi: an sace shi, ya faɗa hannun wannan, ya koma hannun wancan, har aka ƙetara hamada da shi. Wadda ta tashi da ƙafarta ta bar gida don neman ɗanta, ta faɗa bauta saboda wannan zaɓin, ita ce mahaifiyarsa. Ba sai ka tsige Umar daga matsayinsa ba, amma nazarin da ya ba uwar layi biyu ya bar wurin da zafin littafin yake.

Malam ya ce kada mu rubuta "tana da kirki" ko "mugu ne" kawai. To me za mu rubuta?

Ku rubuta abin da ta yi, a gaban wa ta yi shi, da abin da ya ci mata. Ga fitowa ta ƙirƙira, irin wadda ake gani a fina-finan gidan mata biyu.

Ranar girkin amarya ce. Maigida ya shigo da ƙunshin kilishi, uwargida na wanke-wanke a bakin rijiya, amarya na bakin murhu. Ya tsaya tsakar gida, ya kira ƙaramin ɗan uwargida ya ce, "Ungo, kai wa mamarka ta raba." Uwargida ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai wa tantinka, yau ita ke da gida." Amarya ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta buɗe, ta kasa biyu, ta tura kaso mafi yawa wajen ƴaƴan uwargida, idonta na kan maigida.

Ba a yi minti ɗaya ba, amma an ba ku mutum uku. Maigida ya san ranar wa ce, ya kuma ƙi miƙa wa ko ɗaya da hannunsa, ya laɓe bayan yaro: mutum ne mai gudun rigima ta hanyar da ke haifar da ita. Uwargida ta bi ƙa'ida, sai dai rashin ɗago kan ya nuna cewa ƙa'idar ce makaminta, da ita ta tuna wa miji kuskurensa a gaban kowa. Amarya ta yi kyauta, amma inda ta ajiye idonta ya sa mai kallo tambayar ko don yaran ta yi ko don a gani. Ba ɗayansu da "kirki" ko "mugunta" za ta ɗauke shi duka. Irin wannan fitowa uku, ɗaya daga farko, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙarshe, sun isa a gina nazarin tauraro guda.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki abin da wasu taurari suka faɗa a matsayin gaskiya. In uwar miji ta ce surukarta marar tarbiyya ce, wannan shaida ce a kan uwar mijin tukuna, sai an ga abin da surukar ta aikata.

Tauraron da bai canza ba daga farko har ƙarshe, rauni ne a labarin?

Ba dole ba. Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja yadda ya shigo haka yake tafiya, shi da Alhaji Imam suna ta rama wa juna tsiya daga gari zuwa gari, kuma daɗin littafin ke nan. Haka ƴan barkwanci, da kakar da ke faɗin abin da kowa ke jin nauyin faɗa. Aikinsu su tsaya wuri ɗaya don a auna motsin wasu da su.

Raunin gaske shi ne canjin da ba a biya kuɗinsa ba: azzalumar da ta shafe awa biyu tana gallaza wa marainiya, sai a minti biyar na ƙarshe ta faɗi ƙasa tana kuka tana neman gafara, ba tare da an taɓa nuna ko sau ɗaya zuciyarta ta yi rawa ba. In za ka soki wannan, koma baya ka nemi alamar da aka dasa tun farko. In babu, ka faɗi haka, ka kuma kawo mintin da tubar ta faɗo.

Wani abu game da Ruwan Bagaja da ake yawan mantawa: Alhaji Imam ne ke ba da labarin kansa. Duk wautar da muka sani ta Zurƙe daga bakin abokin hamayyarsa muka ji ta.

Ina rubuta sunan ɗan wasa ne ko sunan da aka ba shi a fim?

Sunan da aka ba shi a fim. Sunan ɗan wasa sau ɗaya ake kawo shi, a farkon ambato. Masu kallo kan haɗa su, har a tsani mutum a kasuwa saboda rawar da ya taka, amma a takarda laifi ne. Inda ɗan wasan ke shiga nazari shi ne in darakta ya yi amfani da sabon da aka yi da fuskarsa: a ɗauko wanda aka saba gani a matsayin malami ko uba nagari a ba shi rawar maci amana, don mai kallo ya yarda da shi kamar yadda mutanen cikin labarin suka yarda.

A ƙarshen fim wani dattijo yakan tara kowa ya yi nasiha. Ba ita ce jigon ba?

Wani lokaci ita ce. Sau da yawa kuwa ita ce abin da masu fim ke so a ce sun faɗa. Ku tuna cewa fim ɗin Kano yana bi ta hannun hukumar tace fina-finai da jihar ta kafa a 2001, yana kuma bi ta gaban malamai, iyaye da kasuwa. Nasihar ƙarshe kan zama kariya. Saboda haka a auna ta da abin da aka shafe awa biyu ana nunawa. Fim na iya rufewa da cewa dukiya ba komai ba ce, alhali kyamara ta yi ta lasar motoci, falo da leshi tun daga farko, talakan kirkin kuma bai sami sakamakonsa ba sai da aka gano ashe ɗan attajiri ne da ya ɓata. Irin wannan fim bakinsa na faɗin abu ɗaya, ginin labarinsa na faɗin wani, kuma nuna wannan tazarar shi ne nazari mai kyau.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a bi sakamako. Wa aka saka wa, wa aka hukunta, wa ya biya bashin da ba shi ya ci ba? Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya faɗi darasinsa tun daga suna, kuma alhakin ya bi Alhaji Abdu kamar yadda aka yi alkawari: ya kori Rabi da ƴaƴanta saboda sabuwar mata, daga baya dukiyarsa ta ƙone, wadda ya fifita ta ci amanarsa. Mai gaggawa zai tsaya nan. Amma a duba abin da ya sami Rabi. Ta tsaya da ƙafarta, ta yi sana'ar abinci ta riƙe ƴaƴanta, sannan da mijin ya lalace aka taru a kanta a kan ta karɓe shi. Wa aka ɗora wa ɗawainiyar tubarsa? Wanda ya yi wannan tambayar ya ga jigo na biyu, mai ɗaci fiye da na kan bango, game da yadda ake mai da haƙurin mace wajibi ko da ita aka zalunta.

Waƙoƙin cikin fim fa, in tsallake su?

Kada ka tsallake kafin ka gwada su. A fim ɗin Hausa saurayi da budurwa ba sa taɓa juna, kuma kunya ba ta barin a faɗi wasu maganganu a zaure. Waƙa ce ke ɗaukar wannan kayan, dabarar da aka koya daga fina-finan Indiya ta kuma yi ƙarfi sosai wajen shekarar 2000. Ga kowace waƙa rubuta abu huɗu: mintin da ta shigo, abin da ya faru daf da ita, ko a zahiri ake yin ta ko a mafarkin wani, da baiti ɗaya da ya faɗi abin da ba a faɗa da magana ba. In a mafarki ne, na wa? Waƙar da budurwa ke hangowa ita kaɗai tana gaya maka abin da take so, ba ta gaya maka komai game da zuciyar saurayin ba.

Sannan ka cire waƙar a ranka ka ga ko labarin ya yi giɓi. In bai yi ba, ta talla ce, layi ɗaya ya ishe ta.

Fim mai dogon zango ya kai kashi sittin ko fiye. Dole in kalle shi duka?

In za ka yi magana a kan ƙarshensa, dole. In ba haka ba, ka yanka abin da za ka iya ɗauka ka faɗa tun a gabatarwa: zango ɗaya, wanda sau da yawa kashi 13 ne, ko tauraro ɗaya a cikin zango biyu. Mai cewa zai nazarci dukan shirin a shafi biyar taƙaitawa zai ƙare da yi.

Akwai tarko na musamman a nan. Irin waɗannan shirye-shirye ana rubuta su ne ana haskawa, masu shiryawa na karanta ra'ayin masu kallo a YouTube, ɗan wasa na iya saɓawa da kamfani ya fita, a kashe shi a hatsarin mota ko a tura shi karatu waje, ko a kawo wata fuskar a ce ita ce. Saboda haka in hali ya juya ba dalili tsakanin zango da zango, kada ka yi saurin gina masa falsafa. Duba ko marubucin ya canza, sunansa na cikin rubutun farko ko na ƙarshen kowane kashi. Ka bambanta canjin da labari ya haifar da wanda matsalar shiri ta haifar, kuma in ba ka da tabbacin dalilin, ka tsaya ga abin da aka gani a allo.

Zan iya nazarin fim ɗin Indiya na fassarar Hausa?

Za ka iya, in ka faɗi cewa fassarar kake nazari. Masu fassara ba sa tsayawa ga abin da aka ce: suna ƙara barkwanci, suna laƙa wa taurari sunaye da kirari, suna sa karin maganar Hausa a bakin ɗan sandan Mumbai, wani lokaci a yanke waƙoƙi ko a gajarta fim. Jarumin da ke da nauyin baki a asali na iya fitowa mai surutu da cika baki. Abin da ya aikata na masu fim ne, abin da ya faɗa kuwa rabinsa na mai fassara ne. Ka jingina hujjarka a kan aiki, in kuma za ka kawo magana ka ce "a fassarar Hausa ya ce".

An ba mu Sarraounia. Littafin za mu bi, ko fim ɗin, ko tarihi?

Abu uku ne, kuma rikita su shi ne babban abin da ke kayar da ɗalibai a wannan aikin. Akwai abin da ya faru: a 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi karo da mutanen Lugu da sarauniyarsu, kuma a cikin shekarar sojojinsu suka kashe hafsoshin biyu kafin su iso Damagaram. Akwai littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da faransanci. Akwai kuma fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a 1987.

Sarauniyar da ke cikin littafi ginin marubuci ce. Ya ɗauki abin da baka ta riƙe ya ba ta ƙuruciya, horo da kalamai. Don haka kada ka kawo maganarta a littafi a matsayin shaidar tarihi, kada kuma ka ce marubuci ya yi ƙarya don ya ƙara abin da ba ya cikin takardun Turawa. Tambayar nazari ita ce me ya ƙara, kuma don ya ce me.

Ga abin da ya cancanci shafi guda cur: ƙirga babi nawa take a fage da kanta, nawa kuma ake tare da rundunar Turawa ana jin labarinta kawai. Za ka tarar tana ɓacewa na dogon lokaci, amma sunanta na aiki a bakin sojojin haya da masu ɗaukar kaya, tsoronta na cin rundunar tun daga ciki. Tauraro na iya mulkin labari ba ya nan. In kana kwatanta littafi da fim, zaɓi fitowa biyu da ke cikin duka biyun ka duba abin da aka rage da abin da aka ƙara. Kwatanta su gaba ɗaya ba ya ƙarewa.

Boka, aljani da mafarki sun cika labaran. Yaya zan yi da su?

Ba aikinka ba ne ka yanke hukunci kan ko asiri na ci. Tambayi abin da yake yi wa labarin. In an ce an yi wa miji asiri shi ya sa ya wulaƙanta uwargidansa, an sauke masa laifi an ɗora wa wata mace, kuma da an karya asirin sai ya dawo fes ba abin da zai amsa. Wannan zaɓi ne na marubuci, yana kuma faɗin wani abu game da wanda labarin ke son karewa. Gwada cire bokan: in mijin zai iya yin abin da ya yi ba tare da shi ba, to an kawo shi ne don a rufa wa wani asiri.

Fim ɗin da ba ƙirƙira ba ne, kamar Zinder na Aicha Macky, ana nazarin taurarinsa?

Ana yi, da sharaɗi. Fim ɗin na 2021 ya bi wasu mazauna unguwar Kara-Kara ta nan Damagaram, da gungun matasan unguwa da ake kira "palais", da masu fasa-ƙwaurin mai, kuma mutane ne masu rai da dangi a garin nan. Abin da kake nazari shi ne yadda aka nuna su: wa aka bari ya yi magana mai tsawo, me aka sa kafin me, ina aka ajiye kyamara, me aka bari a waje. Ka rubuta "fim ya nuna shi a matsayin", kada ka rubuta "shi mutum ne mai". Awa ɗaya da ƴan mintuna da aka tace daga ɗaukar dogon lokaci ba ta ba ka izinin yanke wa maƙwabcinka hukunci ba. Kuma ɗan unguwar Birni ko Zango da ke ganin an ɓata sunan gari, da ɗan Kara-Kara da ke ganin an faɗi abin da aka daɗe ana rufewa, duka biyun sai su nuna fitowar da suka dogara da ita.

An ba ƙungiyarmu minti 15 na ekspoze, wato gabatar da aiki a gaban aji. Yaya za mu raba?

Minti ɗaya na gabatar da aikin: suna, marubuci ko darakta, shekara. Minti biyu na labarin a taƙaice. Minti biyar na taurari biyu, kowanne da fitowa ɗaya da aka feɗe sosai. Minti huɗu na jigo, a faɗi jimlarsa a kuma rubuta ta a allo, a kawo hujja uku. Minti biyu na abin da bai yi ba a aikin. Minti ɗaya ya zauna a ajiye, don kullum sai wani ya zarce.

Abin da ke ɓata ekspoze sananne ne. Tarihin marubuci ya cinye minti shida saboda shi ya fi sauƙin kwafowa. An raba aikin mutum biyar ba wanda ya karanta na wani, sai mai jigo ya musanta mai taurari a gaban aji. Ko a zo nuna guntun fim a tsaya neman wurin a waya. Ku yanke guntun tun a gida, kada ya wuce minti ɗaya da rabi, ku gwada lasifikar kafin malam ya shigo.

Ni da abokina mun fitar da jigo daban-daban daga fim ɗaya. Wa ya yi kuskure?

Wataƙila ba kowa. Kowannenku ya kawo fitowa uku da ke goyon bayansa, sannan ya amsa wannan: wace fitowa ce ta fi ƙin jigona, kuma yaya zan yi da ita? Jigon da ya iya ɗaukar ƙarshen labarin da kuma fitowar da ta fi ba shi wahala shi ya fi ƙarfi. Wanda sai an yi kamar ba a ga rabin fim ɗin ba kafin ya tsaya, a sake shi.

Littafin da nake so a waya yake, a WhatsApp aka turo shi. Yaya zan kafa hujja da shi?

Irin waɗannan littattafai ba su da tsayayyen shafi, kuma kwafin da ke wayarka na iya bambanta da na wani, don ana tura su guntu-guntu, wani ya haɗa, wani ya yanke, wani ma ya goge sunan marubuciyar ya sa nasa. Fara da tabbatar da mai littafin daga shafinta ko daga gaisuwar da takan buɗe kowane kashi da ita. Ka tabbata kuma kana da shi har ƙarshe, don da yawa ana sakin farkonsu kyauta, sauran sai an biya, kuma nazarin jigo a kan rabin littafi ba ya tsayuwa. Wajen kafa hujja ka ba da lambar kashi yadda marubuciyar ta sa, ka kwafo jimlar daidai yadda take, ko da da kuskuren rubutu, ka kuma ajiye hoton allon wurin. In a murya ka saurare shi a YouTube, sa lambar kashi da minti, ka ambaci cewa karantawa ce, domin mai karatu kan sa wa tauraro muryar da marubuciya ba ta rubuta ba. Kafin ka fara, nuna wa malaminka kwafin ka ji ko ya amince da shi, wasu malaman ba sa karɓar littafin da ba a buga ba.